Tambaya da Amsa: Zambo da barkwanci a tsofaffin jaridun Ostireliya

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta wuce muna maganar tarihin jarida sai na yi wata 'yar magana a takaice, nace a Ostireliya ta karni na 19 da waka ake fada a jarida, mutum in yana so ya taba gwamna ko dan majalisa baiti yake tsarawa ya aika wa edita. Toh wannan magana ta jawo wasiku sosai, ga wadanda na zabo saboda amsarsu zata amfani kowa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni daliba ce ina karanta adabin Turanci, kuma abin da na sani game da Ostireliya kawai shine kasar da Ingila take jibge fursunoninta ce. Toh mutanen da ke fama da sarka da bulala ina suka ga bakin dariya har da tsara waka? Su waye ke rubutawa, kuma wa suke wa? Daga wata daliba a Zariya.

AMSA: Kanwata barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da kika sani gaskiya ne, jiragen farko sun sauke fursunoni a Sidni a watan Janairun 1788, kuma daga nan har 1868 Ingila ta kwashi mutum sama da 160,000 ta kai can. Jarida ta farko, Sydney Gazette, ta fito a 1803, wanda yake buga ta George Howe shi kansa a daure aka kawo shi, kuma babu layin da zai fita sai ofishin gwamna ya duba ya yarda. Kinga kenan cikinta ba wurin zambo sai yabo. Mawakin da yafi fitowa a cikinta shine Michael Massey Robinson, duk ranar haihuwar sarki ko sarauniyar Ingila sai ya tsara doguwar wakar yabo a karanta a gidan gwamna, har Gwamna Macquarie ya sallame shi da shanu biyu daga garken gwamnati. Shi wannan Robinson din fa waka ce ta kawo shi kasar tun farko, lauya ne a Landan ya rubuta wakar bata suna kan wani attajiri yace ko a bashi kudi ko ya buga ta, aka kama shi aka yanke masa hukuncin kisa a 1796, daga baya aka sassauta zuwa kora daga kasa.

Shi zambo ta bayan gida yake bi. Mutum zai rubuta baitocinsa a takarda ba suna, ya nade ta kamar bututu, da dare ya yar a inda yasan za'a tsinta, kafin azahar an kwafa an yada gari. Su suna ce wa irin wadannan takardu pipes. Gwamna King ya sha su a 1803, galibi daga hafsoshin soja wadanda ya matsa wa lamba kan cinikin barasa, abin ya bata masa rai har aka kai wasu kotun soja. William Wentworth ma, wanda daga baya ya zama babban dan siyasar yankin, yana saurayi a 1816 ya yi wa mataimakin gwamna Kanar Molle irin wannan.

Amma ni wanda yafi tsaya mini a rai shine Francis MacNamara, dan Ailan da aka kawo a 1832, 'yan uwansa fursunoni suna ce masa Frank mawaki. Wannan bawan Allah ya sha daruruwan bulala a sansanoni daban daban saboda baya sunkuyar da kai. A 1839 ya tsara wakar da ake kira A Convict's Tour to Hell, wato yawon dan kaso a gidan wuta. Wai yayi mafarki ya mutu ya isa kofar wuta, Shaidan yace masa ai nan ba wurin talaka bane, ya shiga da shi yana nuna masa wadanda ke ciki, sai ga masu dukan bulala, ga gandirobobi, ga Kyaftin Logan na sansanin Moreton Bay wanda fursunoni suka sani da mugunta, ga ma Kyaftin Cook wanda ya nuna wa Ingila hanyar kasar an daure shi tare da mutumin da ya fara kirkiro kurkuku. Daga nan ya wuce aljanna ya tarar da 'yan uwansa daurarru, sai ya farka. Ki lura da sunayen, ba aro ya yi ba, mutane ne da masu saurare suka sani a jikinsu, wani ma tabon bulalarsa na bayansu. Wannan waka baki da baki ta yi yawo da kuma rubutun hannu, shiyasa duk wanda zai yi nazarin wannan fanni ya tsaya a jarida kadai toh rabin labari ya samu.

A 1824 aka cire takunkumi, jaridu masu zaman kansu suka fara fitowa, zambo ya fito fili. Sai dai anan ina so ki yi hankali da abu daya, ba duk mai zagin gwamna ne talaka ba. A 1845 jaridar The Atlas ta buga wakar William Forster mai suna The Devil and the Governor, Shaidan ya kawo wa Gwamna Gipps ziyara suna hira kan yadda yake tafiyar da mulki, waka ce mai kaifi kuma an yi ta karanta ta. Toh me Gipps ya yi? A 1844 ya kawo dokar da ta tilasta wa manyan masu garken tumaki, wadanda suka mamaye makeken filaye, su biya lasin fam 10 kan kowane fili daban maimakon lasin daya ya rufe musu komai. Forster cikinsu yake. Kuma Gipps din nan shine ya tsaya kai da fata sai an hukunta Turawan da suka kashe 'yan asalin kasa akalla 28 a Myall Creek a 1838, aka rataye mutum 7, abin da masu garke da yawa basu taba yafe masa ba. Forster ya zo ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin yankin Sidni, a 1859, Robert Lowe da ke bayan jaridar kuma ya koma Ingila har ya zama ministan kudi. Wakar MacNamara da ta Forster duk da Shaidan aka yi su, duk masu mulki ake taba, amma daya mai tabon bulala ne daya mai dubban tumaki.

Sai zinariya ta zo a 1851 ta juya komai. Yankin Victoria daga mutum wajen 77,000 a 1851 ya haura rabin miliyan a 1861, ga kudi ga masu iya karatu ga madaba'o'i. Melbourne Punch ta fito ranar 2 ga Agusta 1855, kwaikwayon Punch ta Landan ce da ta fara a 1841, zane da baiti da gajerun habaici duk mako, ta fara da Gwamna Hotham kuma ta rayu har 1925. Sidni ta yi nata Punch din a 1864, Adelaide ma ta yi nata daga baya, har garuruwa irin su Ballarat. A filayen hakar zinariya kuwa akwai Charles Thatcher, yana dauko karin wakar da kowa ya sani ya dora mata sabbin kalmomi kan abin da ya faru jiya a gari, 'yan sanda masu farautar wanda bai biya lasin haka ba, wanda sule 30 ne duk wata, alkalai, 'yan kasuwa masu ha'inci, da bakon da ya sauko daga jirgi da fararen hannu yana zaton zinariya a kan hanya ake tsinta. Yana rerawa a otal a Bendigo da dare, kuma ya tara su an buga a kananan littattafai. Sai mujallar The Bulletin ta Sidni a 1880, wadda ita ce uwar tafiyar, zaki ga labarinta a amsoshin da ke kasa.

TAMBAYA: Salam Malam. Mu nan Sudan kakanninmu sun bamu labarin yakin Mahadi da Turawa. Wani abokina da ya karanta maganarka yace wai har a Ostireliya an buga waka da sunan Mahadi. Da gaske ne, kuma zagi ne ko yabo? Daga wani dan uwa a Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam dan uwa, ina gaida jama'ar Gadarif. Abokinka bai yi karya ba, kuma labarin yafi yadda ya baka dadi.

Mayakan Muhammad Ahmad, wato Mahadi, sun ci Khartum ranar 26 ga Janairu 1885 aka kashe Janar Gordon na Ingila. Da labari ya isa Sidni sai gari ya rude da kishin Ingila, mukaddashin firimiya William Dalley ya yi wuf ya yi wa Landan tayin sojoji tun majalisa bata zauna ba. Ranar 3 ga Maris mutum wajen 750 suka shiga jirgi da dawakansu, jama'a makil a tasha ana kida, suka sauka Sawakin a karshen watan. Basu ga wani yakin kirki ba, yawanci gadi suka yi da aikin layin dogo da ake son ja zuwa Barbar wanda ma aka watsar, tsakiyar Mayu suka kamo hanyar gida, 'yan kalilan da suka rasa kuma ciwo ne ya dauke su.

The Bulletin tun ranar farko bata goyi bayan tafiyar ba. A karshen Fabrairun 1885, kafin ma jirgin ya tashi, ta buga wata waka mai suna El Mahdi to the Australian Troops, kuma sa hannun da ke kasanta El Mahdi ne. Wanda ya rubuta wani saurayi ne dan shekara 21 mai koyon aikin lauya, Andrew Barton Paterson, wanda daga baya duniya ta sani da Banjo Paterson, hotonsa na kan takardar dala 10 ta kasar a yau, kuma wannan ce wakarsa ta farko da mujallar ta buga. Ya ari bakin Mahadi yana tambayar sojojin, me ya kawo ku? Kun zo ne ku tsare wa Kidiwi, wato sarkin Masar, kujerar da Ingila ta dora shi a kai, ku danne mai rauni ku taimaki azzalumi, ku karbo wa masu bin Masar bashi kudinsu, ke kasar da ke kirarin 'yanci kin dauki makami kan masu neman nasu 'yancin? Kaga kenan ba Mahadi ake wa zambo ba, gwamnatin Sidni ake wa, kuma ni ina ganin ba karamin karfin hali bane a lokacin da gari ke kukan Gordon. Sai dai a wajen maganar bashin ya jefa wa Yahudawa bakar magana irin wadda jaridun lokacin suka saba, wannan aibi ne a wakar kuma bai kamata a boye shi ba.

Akwai wani abu kuma da wannan tafiya ta haifa. Wani yaro daga unguwar Manly ya aika wa Dalley wasika da fam 25 gudummawar yaki, jaridu suka buga suna yabo. Mai zanen Bulletin Livingston Hopkins, Ba'amurke da ke sa hannu da Hop, sai ya zana yaron da 'yar hularsa ya mai da shi hoton kasar kanta, karamin yaro mai rawar kai da ke son burge manya. Shekaru da dama in za'a zana Ostireliya a mujallar wannan yaron ake zanawa.

TAMBAYA: Malam wai duk wannan cin fuska ba'a kama su? Daga wani dan kasuwa a Maradi.

AMSA: Alhaji ana kamawa mana, sai dai yawanci ta hanyar karar bata suna ake bi, a ci mutum tara ko a karya shi da kudin shari'a. Gwamna Darling a 1827 ya so ya sa wa jaridu lasin da harajin kwabo 4 kan kowace kwafi don su mutu da kansu, babban joji Francis Forbes yaki sa hannu, toh sai aka koma kai editoci kotu, Edward Smith Hall na jaridar Monitor ya shiga kurkuku a 1829 kuma daga ciki ya ci gaba da fitar da jaridarsa.

Wadanda suka kafa Bulletin, J.F. Archibald da John Haynes, suma sun kwana a gidan yarin Darlinghurst a 1882. Mujallar ta yi rubutu kan shashancin da aka yi a wani wurin shakatawa da ake kira Clontarf, masu wurin suka kai kara, kotu ta basu diyyar rubu'in kwabo kacal amma ta dora wa mujallar kudin shari'a, basu iya biya ba aka rufe su, jama'a suka yi karo karo aka fito da su, kuma wannan daurin kasuwa ya karo musu.

Wani lokacin tsoron karar ma ya isa. Henry Kendall ya yi wa wani dan majalisa Ninian Melville waka, mutumin sana'arsa akwatin gawa da hidimar jana'iza, Kendall ya hada sana'ar da yawan surutunsa ya yi masa tas. An riga an buga ta cikin littafinsa na 1880, mai madaba'a ya tsorata ya janye littafin aka cire ta aka sa wata. Sannan a 1891 lokacin yajin aikin masu askin tumaki a Queensland, mawaki Henry Lawson ya buga Freedom on the Wallaby a jaridar ma'aikata The Worker ta Brisbane, karshenta yana cewa in jini ya zuba kada a dora wa ma'aikata laifi. Wani dan majalisa Frederick Brentnall ya karanta baitocin karshen a zauren majalisa lokacin da ake mika godiya ga wadanda suka murkushe yajin, aka yi ta kiran a kama Lawson da laifin tada fitina. Ba'a kama shi ba, shi kuma ya sake mayar musu da wata wakar.

TAMBAYA: Ranka ya dade na taba jin wai Lawson da Paterson sun yi fada da waka a jarida. Fadan gaske ne ko shiri? Kuma duk wakokin nan siyasa ce, babu na dariya zalla? Daga wani malamin makaranta a Kumasi.

AMSA: Malam Allah ya kara basira. Duka biyun ne, shiri ne kuma gaske ne. A watan Yulin 1892 Lawson ya buga waka a Bulletin yana cewa ya dawo daga daji kuma bai ga dadin da mawaka ke fada ba, rana ce da kura da kuda da fari da mata masu wahala su kadai a bukka. Bayan sati biyu Paterson ya mayar masa, yace ai kai a jirgin kasa ka leka dajin, baka ga damina ba baka ji dadin sukuwa ba, koma birni ka sha lemonka. Lawson ya dawo da doguwar amsa yana ce masa dan dajin birni, mai yabon kiwo daga kan kujerar ofis. Wasu mawakan irin su Edward Dyson da Francis Kenna suka shigo, har aka dauki shahararriyar wakar Paterson ta Clancy aka juya ta ana masa ba'a da karinta, abin ya ja har watan Oktoba. Kamar dai makada biyu a gidan biki kowa na jifan dan uwansa da habaici, jama'a na ta liki. A 1939 Paterson da ya tsufa ya rubuta a Sydney Morning Herald cewa Lawson ne ya kawo shawarar su yi ta jifan juna tunda ana biyansu kan abin da aka buga.

Amma ni ban yarda wasa ne kawai ba, duba inda kowa ya fito. Paterson dan gidan masu garke ne, ya tashi kan doki a Illalong kusa da Yass, ya yi makarantar 'ya'yan manya a Sidni ya zama lauya. Lawson a filin hakar zinariya aka haife shi a 1867, ya tashi a wata matacciyar gona kusa da Mudgee, kunnensa ya toshe tun yana yaro, ya yi aikin fenti ya sha yunwa. Daya dajin mai doki ya sani daya dajin mai tafiya a kasa, kowa abin da ya gani yake fada. A watan Satumba na shekarar Archibald ya ba Lawson fam 5 da tikitin jirgin kasa zuwa Bourke yaje ya gani da idonsa, ya taka da kafa har Hungerford cikin fari, ya dawo yafi da tsanani.

Na dariya zalla kuwa suna nan da yawa, kuma su suka fi dadewa a bakin mutane. Akwai ta Paterson ta Disambar 1892 kan mutumin wani kauye Ironbark, bakauye mai gemu buzu buzu ya shigo Sidni ya shiga shagon wanzami, wanzamin dan zolaya ne sai ya kifta wa samarin da ke zaune ido, ya tsoma aska a ruwan zafi ya ja masa bayanta a makogwaro. Mutumin ya ji zafi ya dauka an yanka shi, yace kafin in mutu sai na tafi da wani, ya kai wa wanzami naushi ya hau samarin da duka ya farfasa shago yana ihun kisan kai, ya koma gida yana ba da labarin yadda taurin wuyansa ya cece shi, daga nan kowa a Ironbark ya koma barin gemu. Dan birni ne ya fara wasan kuma shi ya kwashi kashinsa a hannu, masu karatun Bulletin a rugagen tumaki irin wannan suke so. Sai ta Mulga Bill a Sydney Mail a 1896, lokacin ana yayin keke, ya watsar da tsohon dokinsa ya sayi keke yana cika baki babu abin hawan da zai gagare shi, keken ya kwashe shi a gangare ya zuba shi cikin rafi. Da yawan irin wadannan ba sanannun mawaka suka rubuta ba, makiyaya ne da masu hakar ma'adinai da malaman kauye ke aikowa da sunan boye, mujallar tana biyan wanda ta buga, wanda bata buga ba kuma ta bashi amsa mai yaji a shafin wasiku, har shafin ya zama abin da wasu ke fara budewa.

TAMBAYA: Malam ban ji ka ambaci bakaken fatar kasar ba, ban ji mace ko daya ba. Ina suke a cikin wannan dariya? Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Hajiya wannan tambaya taki ita ce tafi nauyi, kuma amsarta ba dadi. Yawanci su ake yi wa dariyar. Mujallar nan da ta tsaya wa ma'aikaci, ta ki yakin Sudan, ta raina sarauta da masu lambar girma, ita ce kuma tafi kowa cin zarafin wanda ba Bature ba. 'Yan kasar Sin sun kai wajen 40,000 a Victoria a karshen shekarun 1850, an sa musu harajin fam 10 kan kowane mutum tun 1855, an far musu a Lambing Flat a 1861. A watan Agustan 1886 Bulletin ta buga zanen Phil May, kan mutumin Sin da hannaye takwas irin na dorinar ruwa, kowane hannu an rubuta masa wani sharri, caca, kwaya, agana, aikin araha. James Brunton Stephens na Queensland, wanda ake ganinsa babban mawaki, ya yi wakar wani kuku dan Sin da ke dafa wa iyayen gidansa 'yan kwikwiyo yace zomo ne, ya kuma yi wata kan wata mace 'yar asalin kasa wadda daga farko har karshe wulakanta halittarta ce, ni kam bana iya karanta ta har karshe ba tare da raina ya baci ba. Kendall da ya yi wakar juyayin karewar wata kabila shi ne kuma ya yi baitocin ba'a ga matansu da 'ya'yansu. Musulmi masu rakuma da suka zo daga Afganistan da Indiya suna dakon kaya cikin hamada suma basu tsira ba.

Kuma kada a ce ai wasa ne. Shekara da shekaru ana koya wa mai karatu ya kyalkyale da dariya in ya ga wadannan fuskoki, toh da aka hade yankunan suka zama kasa daya a 1901, cikin dokokin farko da majalisa ta yi akwai ta toshe kofa ga wanda ba farar fata ba. Taken Bulletin na 1886 cewa yake Ostireliya ta 'yan Ostireliya ce, a 1908 suka fito fili suka mai da shi Ostireliya ta farar fata ce, kuma yana kan goshin mujallar har 1961 da edita Donald Horne ya cire shi. Su 'yan asalin kasar suna da nasu wakoki da raye raye da kwaikwayon Turawa a harsunansu masu yawa, amma wadannan mujallu ba don su aka bude ba.

Mata kuma, surukar miji da tsohuwar budurwa da mai neman 'yancin kuri'a sune abincin Punch da Bulletin kusan duk mako. Duk da haka akwai wadanda suka kutsa. Ina Wildman ta fara da aika wa Bulletin wakoki, aka dauke ta aiki, ta rike shafin zolayar manyan gari da sunan Sappho Smith har rasuwarta a 1896 tana da kuruciyarta. Louisa Lawson, mahaifiyar Henry, ta kafa nata mujallar The Dawn a 1888, mata ta dauka har a wajen jera haruffa, kungiyar ma'aikatan madaba'a ta maza ta yi ta yakarta amma mujallar bata rufe ba sai 1905. Matan yankin South Australia sun samu kuri'a da dokar 1894, ana tsaka da yi musu wannan ba'ar.

TAMBAYA: A ina mutum zai samu ya karanta su da kansa? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Dan uwa da wayarka ma ya isa. Babban dakin karatu na kasar da ke Kanbera yana da rumbu a intanet mai suna Trove, kyauta ne, an dauki hoton tsofaffin jaridun shafi shafi har da Sydney Gazette da Melbourne Punch da Bulletin, sai ka rubuta sunan mawaki ko na waka ka zabi shekara. Kwamfuta ce ta karanto rubutun don haka zaka ga kurakurai, in layi ya rikice maka ka duba hoton shafin. Shawarata kada ka karanta wakar ita kadai, ka duba labaran da ke gefenta a wannan satin, domin yawancinsu amsa ce ga wani abu da ya faru, wani jawabi a majalisa ko wata shari'a, in baka san shi ba habaicin zai wuce ka. Turancinsu na daji yana da wuya da farko, ka fara da mutumin Ironbark da Mulga Bill, sannan ka wuce musayar 1892 ka bi ta a jere daga Yuli zuwa Oktoba.